Takalmi a Saman Rumbu

Waɗanda ke ƙofar gidana a yammacin azumin farko na bana su ne ɗana Sani, zaune bisa turmin da aka kifa, ya miƙe ƙafarsa ta hagu kamar yadda ya saba. Ɗansa Nasiru, jikana, wanda maganar ke kansa. Abokan Nasiru biyu, Lawwali da Ɗanjuma, masu bin sa duk filin da za a buga ƙwallo. Sai Alhaji Bawa mai sayen albasa daga Jega, aminin Sani, wanda ya biyo ya sha ruwa da mu. Hadiza matar Sani tana bayan danga tana suyar ƙosai, ba a ganinta amma kunnenta na waje. Ni kuma ina bakin zaure bisa tabarmata, ina tsince zogale.

Ga abin da ya tara su. Gab da ganin wata, samarin garinmu Kashin Zama sun buga da wata ƙungiya ta wajen Maiyama a filin Jega. Nasiru ɗan baya ne. Wani yaro Murtala ya taho da ƙwallo, Nasiru ya zame ya share shi, ƙafar yaron ta karye ƙasa da gwiwa. Alƙalin wasa bai hura usur ba. Namu suka ci, aka ce wasan kofi sai bayan salla.

Lawwali ya miƙa wa Sani waya. "Duba nan, Baba. Ƙwallo ya fara taɓawa. Ga ta ta yi waje, sannan yaron ya faɗo bisa ƙafa tai."

"Ko a Turai wanga ba keta ba ne," in ji Ɗanjuma.

Alhaji Bawa ya ce, "A Turai jan kati ne. Ƙafa biyu ya shiga, tafin takalmi a sama."

"Alhaji, ƙungiyar da kake goyon baya ta ci wasa bana, da za ka koya muna doka?"

Suka yi dariya, har Hadiza daga bayan danga. Ɗanjuma ya ce alƙalin yana kusa, da idonsa ya gani. Alhaji ya ce alƙalin ɗan Aliero ne, maƙwabcinmu, shi ya sa idon ya ga abin da ya gani. Lawwali ya ce mutanen Maiyama ba su taɓa shan kashi sun yarda ba. Bakinsu ya bushe da azumi, amma ba wanda ya gaji.

Na ce a ba ni in gani. Nasiru ya matso da wayar yana murmushi. "Tsohuwa, idonki zai kai?"

Idona ya kai. Na ga ƙafafu, na ga ƙasa ta tashi, na ga yaron ya faɗi bai mirgina ba. Mai son a tausaya masa shi ke mirgina. Wanda ya karye shiru yake yi da fari, ya kama ƙasa da hannu biyu. Na taɓa jin yadda wannan shirun yake.

Na ce, "Mi yake da shi a ƙasa?"

Ba su gane ba. Na ce, "Yaron. Mi ya shuka?"

Nasiru bai sani ba, abokansa ba su sani ba. Alhaji Bawa ne ya amsa, kansa a sunkuye. Ya ce albasa ce. Ambaliya ta cinye musu irin farko, suka sake, dashensu ya zo a makare, yanzu take ɗaura kai. Uban yaron ya tsufa, ba ya gani sosai. Murtala ne ke ban ruwa.

Na aje zogalen. Azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin irin zafin da ya faɗo a waccan shekarar, iskar ma iri ɗaya, mai busar da leɓe tun hantsi. Ban zaci har maganar za ta zagayo tare da shi ba.

A waccan shekarar, Sani yana saurayi ko gemu bai tsiro masa ba, damina ta ɗauke mana da wuri. Gero ya fid da kai amma ba ido. Dawa ta tsaya iyakar ƙugu ta bushe a tsaye. Abin da muka zuba a rumbu bai kai rabinsa ba, in ka leƙa sai ka ga ƙasan yana kallonka. Da kaka mai gidana ya kwanta, bai tashi ba. Jinya da zaman makoki suka cinye lokacin dashe, har maƙwabta sun yi nisa kafin Sani ya kafa albasarmu a lambun fadama. Ina cikin takaba a ɗaka, shi kaɗai ne a waje, da ƙanwarsa A'i mai buɗe wa ruwa hanya ya shiga fangali, gadon albasa. Duk gidan ya san lissafin ba sai an faɗa ba: hatsin rumbu zai kai mu salla da ƙyar, daga nan har sabon gero albasar ce abincinmu.

Lokacin ba inji. Jigo ne, doguwar sanda bisa gwafa, curin laka a gindinta, guga a bakinta. Ka ja ta ƙasa ka tsoma gugan a rijiya, nauyin lakar ya ɗago maka shi, ka juye a magudana, ruwa ya bi ya shiga fangali. Mutum a tsaye yake yi, ƙafa ɗaya a bakin rijiya ɗaya a baya, yana sunkuyawa yana miƙewa har kafaɗa ta daina jin kanta. Albasa mai ɗaura kai ba ta san uzuri ba. Ka tsallake mata ruwa cikin zafi, bakin lawashi ya yi fari, kan ya tsaya ƙarami kamar goro.

Na fita takaba ba da daɗewa ba aka ce samari za su yi wasan sallama da ƙwallo kafin azumi, namu da na Jega Firchin, a wani fili bayan Aliero. Sani ya gama ban ruwan safe ya tafi. Ban hana shi ba. Yaron da ya ja jigo tun rasuwar ubansa, ban ga dalilin hana shi gudu na yamma ɗaya ba.

A amalanke aka dawo mini da shi. Duk filin ƙafa tsirara ake wasa, sai mutum ɗaya mai takalmi, irin mai haƙora a ƙasa, wanda wansa ya kawo masa daga birni. Wannan mai takalmin shi ya shiga wa Sani. Sunansa Bawa.

Mai ɗori ya zo daga Aliero da maraice. Maza suka danne Sani, aka ja ƙafar, na ji ƙarar ƙashi daga tsakar gida. Aka shafa man shanu, aka jera kara, aka naɗe da tsumma. Mai ɗorin ya ce kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai ya ce. Washegari aka tashi da azumi.

Zauren nan da nake zaune a bakinsa ya cika da masu dubiya. Su gaishe da Sani da kalma biyu, sai su juya ga abin da ya kawo su. Wani ya ce da gangan ne. Wani ya ce Sani ne ya riƙe ƙwallo fiye da kima, duk mai yanga da ƙwallo haka yake ƙarewa. Wani ya ce alƙalin, wani malamin makarantar boko mai usur a wuya, ya yi daidai da ya kori Bawa daga fili. Wani ya ce korar banza ce, tunda ya bari an fara wasa da takalmi cikin marasa takalmi. Wani tsoho da bai je filin ba ya fi kowa sanin yadda aka yi. Ina jin su ta bayan danga. Har aka watse ba wanda ya tambayi wa ke ban ruwa.

Ni na tafi, da A'i. Matan garinmu ba su jan jigo, amma ba wanda ya zo ya gaya wa albasa haka. Na ɗaure zane a ƙugu na kama igiya. Gugan farko ya kusa tafiya da ni cikin rijiya. Kafin hantsi ƙirjina na zafi kamar na haɗiye garwashi, harshena ya manne a dasashi, fangalin da muka shayar bai kai na Sani na sa'a guda ba. Muka koma da la'asar. Muka koma washegari. Layin da ke kusa da rijiya ya sha, na can ƙarshe ya fara fari a baki. Na tsuguna na taɓa ƙasar wurin, ta tsage, zafinta na cin yatsa. Na san ƙarfina, na kuma san girman lambun.

Ubana ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, can wajen Maiyama inda aka haife ni. Dauri, a zamanin da, in ka gurɗe wa mutum kafaɗa a kokawar kaka, kai za ka yanke masa dawarsa. Ba sarki ya sa ba, ba alƙali ba. Ko kai ka yi kaye ko kai aka kayar, ko da gangan ko kuskure, ba a tambaya. Hannun da ka kwantar, naka zai tsaya a madadinsa har ya tashi. Na ga ubana ya yi wa wani, na ga an yi masa.

Na yafa mayafi na bi motar kasuwa zuwa Jega. Na tambayi gidan su Bawa a Firchin aka nuna mini. Ubansa mai sayar da buhuna ne, mutum mai fara'a da ƙiba. Ya fito, ya yi mini gaisuwar rashi, ya yi jaje, ya sa hannu a aljihu ya ce ga ɗan abin dubiya.

Na ce, "Allah ya saka, Malam. Abin dubiya ba ya jan jigo. Abu biyu na zo ɗauka, takalmin da ƙafar da ta sa shi."

Ya ce, "Baiwar Allah, wasa ne. An riga an hukunta yaron, alƙali ya kore shi gaban jama'a."

"Ya kore shi zuwa ina?"

"Waje. Bakin fili."

"To ni lambu nake son a kore shi."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Na tuna masa kokawar dauri. Ya san ta, don na ga idonsa ya kauce. Ya ce wancan zamani ne, ƙwallo kuwa dokarta daban, a rubuce take. Na ce ban iya karatu ba. Ya shige gida.

Na shimfiɗa mayafina a ƙofar gidan na zauna, inda ba inuwa. Rana ta hau. Masu wucewa kasuwa su gaishe ni su tambayi lafiya, in ce lafiya lau, ɗan gidan nan ya karya mini mai ban ruwa, ina jiran a ba ni madadi. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba. Matan gidan suka aiko in shigo inuwa, na ce albasata ma a rana take. Da aka kira azahar masallata suka wuce ta gabana, suka dawo ta gabana, kowa ya ji.

Bawa da kansa ya fito, ba ubansa ba. Dogo, siriri, ya rataya takalman a wuya, yana jan keke. Ya durƙusa ya ce, "Inna, wallahi ƙwallo na nufa."

Na ce, "Ban tambaye ka ba. Ka iya jigo?"

"A'a."

"Za ka iya."

Da muka iso gida na karɓi takalman na sa A'i ta ɗora su a kan jinkar rumbu, inda duk mai shigowa zai gani. Na ce masa ranar da Sani ya taka da ƙafarsa ya sauko da su, ranar za su koma hannunsa.

Ɗan birni ne, bai taɓa riƙe abin da ya fi keke nauyi ba. Da fari rabin gugan a ƙafarsa yake zubewa. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Na naɗe masa da tsumma na mayar da shi ga igiya. Muka tsara yinin yadda azumi zai bari: da an sallame asuba mu kama hanya da sauran sanyin sahur a ciki, shi a jigo, A'i a magudana da fartanya, ni ina bin fangali ina duba inda ruwa ya tsaya. In rana ta kai tsakiyar ka mu fake ƙarƙashin wata giginya, inuwarta ba ta fi faifai ba. Da la'asar mu koma. Ita ce mai wuya. Iska ta tsaya cik, ƙudaje na bin gefen ido, ruwa na wucewa ta hannunka mai sanyi, yana ƙara a magudana, ba ka da ikon ɗigo ɗaya.

Rijiyar ma ta fara ja da baya. Ka ɗebi kaɗan sai guga ya dawo da laka, a tsaya a jira ta tara. A irin wannan jiran ne wata rana Bawa ya zube a bakin magudana, idonsa ya juye. Na jiƙa mayafi na shafa masa a ka da wuya. Da ya farfaɗo ya ce, "Inna, zan karya azumin nan."

Na ce, "Wannan tsakaninka da Allah ne. Jigo ne tsakanina da kai."

Bai karya ba. Ya tashi ya kama igiya.

Shan ruwanmu kunun tsamiya ne, tsararo, kana ganin ƙasan ƙwarya. Sai kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli. Tuwo sau ɗaya, shi ma a raba, rabi bayan magariba rabi a ɗumama da sahur. Miya kuka ce da gabu, busasshen lawashin bara da na daka na dunƙule, shi ke sa mata ƙamshi a rasa nama. Mudun awon gero na canza shi da ƙaramar ƙwarya ban gaya wa kowa ba. Abin da na zuba wa Sani shi na zuba wa Bawa, ba ƙari ba ragi. Uwarsa ta aiko da shinkafa da mai, na karɓa, don wannan ba fansa ba ce, abincin ɗanta ne, muka ci tare.

Jega ta yi nisa ga mai jan jigo, sai ya koma kwana a zaure, tabarmarsa kusa da ta Sani. Da fari ba su magana. Sani ya juya masa baya iyakar yadda ɗori ya bari. Wata magariba ina kawo kunu na ji Sani na cewa, "Ƙwallo tana gabas, kai ka nufi yamma."

Bawa ya ce, "Da ka ba da ita tun da wuri da ba a kai nan ba. Kai kaɗai ka iya?"

"Da ba takalmin wanka ba, ko inuwata ba ka kamawa."

Daga ranar kullum sai sun yi. Bawa ne ke ɗaga shi in zai kama ruwa, suna tafe suna gardamar. Har yau ba su gama ta ba.

Masu dubiya kuwa suka sami sabon abin kallo. Su biyo ta lambu da yamma su tsaya a kan kunya suna yi wa Bawa ba'a, wai ga wanda aka ba jan kati sau biyu. Na ƙyale su rana ɗaya. Rana ta biyu na ɗauko fartanya na miƙa wa wanda ya fi surutu, na ce tunda yana da ƙarfin baki da azumi, ga magudana ta toshe. Wasu suka tuna ana jiransu. Biyu suka tsaya, kuma sun riƙa dawowa.

Layin ƙarshe bai tashi ba, ya riga ya ƙone tun kwanakin da ni kaɗai ke ja. Sauran ya ɗaura kai. Bayan salla lawashi ya kwanta da kansa, muka yanke ruwa, ƙasa ta sha iska. Ranar cira samarin garinmu suka zo gayya, Bawa ya kawo nasa na Jega Firchin, waɗanda suka yi wasan gaba ɗaya in ban da alƙali. Suna tono suna musu a kan wa ya ci wa. Warin albasa ya cika fadama, ido na hawaye, baya na ciwo. Abin da muka samu bai sa mun yi arziki ba. Ya zama dawa, dawar ta kai mu sabon gero, ba mu roƙi kowa ba.

Hadarin farko na haɗuwa a gabas ranar da mai ɗori ya kwance kara. Sani ya dogara sanda daga zaure har gindin rumbu, ya sa sandar ya zungure takalman suka faɗo. Rana ta ƙone su, fatar ta tsattsage, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Ya miƙa wa Bawa. Ƙafar ta ɗan gajarce, bai ƙara buga ƙwallo ba.

Kiran magariba ne ya dawo da ni ƙofar gida. Hadiza ta miƙo kunu da ƙosai, Alhaji ya fito da kankana daga mota, har da ruwa mai ƙanƙara a leda. Aka sha, aka yi salla, aka dawo tabarma. Na bari cikinsu ya ɗauka, sannan na ce, "Nasiru, kawo mini takalminka na ƙwallo."

Ya yi dariya irin ta jika da kaka. "Amarya, ƙungiyarmu za ki shiga? Gola muke nema."

"Yau ba ranar wasa ba ce tsakanina da kai. Gobe za ka Maiyama ban ruwa."

Sani ya dubi Bawa, Bawa ya dubi tabarma. Su biyu sun gane.

Lawwali ya ce, "Inna, ba ki san yadda abin yake ba. Mutanen Maiyama sun kai ƙara wurin masu shirya gasa. In aka gan shi a lambun yaron, an ce ya amsa laifi ke nan. Sai su hana shi wasan kofi."

"Alƙali bai hura ba," in ji Ɗanjuma. "Wanda bai yi laifi ba, mi zai biya?"

Na ce, "Wancan karon alƙali ya hura. Wanga karon bai hura ba. Albasa ba ta ji ko ɗaya ba."

Nasiru ya daina murmushi. "Wallahi ƙwallo na nufa."

Alhaji Bawa ya yi wani ɗan tari, ya kau da kai.

Sani ne ya ba ni mamaki. Ya shafa gwiwarsa ya ce, "Inna, zamani ya canza. Yanzu inji ne. A aika musu da mai, a sa wani ya yi musu. Yaron nan kofi ne a gabansa." Na dube shi. Na san abin da ke ransa. Kofin da ƙafarsa ba ta kai shi ba yake son ya gani a hannun ɗansa.

Na ce, "Injin da ƙafarsa yake zuwa lambu? Shi ke buɗe fangali? Kai da aka aiko maka da abin dubiya, da shi za ka ci tuwo a waccan shekarar?"

Sani ya ci gaba da shafa gwiwarsa. Alhaji Bawa ya buɗe tafin hannunsa yana kallo kamar yana neman wani abu a ciki, sannan ya ce wa Nasiru, "Ɗana, kai ƙaramin aiki ka samu. Ni jigo na ja."

Nasiru ya miƙe ya ce za shi asham. Abokansa suka bi shi. Bai kawo takalmin ba.

Da safe, bayan an sallame asuba, na shiga ɗakinsa da kaina. Ya koma barci, ko ya yi kamar ya koma. Takalman na rataye a ƙusa bayan ƙofa, jajaye, har da sauran ƙasar filin Jega a haƙoransu. Na ƙulle su a gefen mayafi, na ɗauki sandata, na fita. Hadiza na shara, ta gan ni, ta matsa mini hanya.

Na kusa bakin titi na ji mashin a bayana. Nasiru ne. Ya sha gabana ya tsaya.

"Ina za ki, tsohuwa?"

"Maiyama. In ba wanda zai yi wa yaron ban ruwa daga gidana, ni zan yi. Na taɓa yi."

"A wannan shekarun naki? Da azumi?"

"Sai a ce jikan na nan yana jiran kofi."

Ya daɗe yana kallon mayafin. Ya ce, "Ko kin riƙe su zan iya aron wasu."

"Ka ara. Naka na riƙe. Ƙafarka kuwa tana lambu har a cire albasa."

Ya sauke numfashi, ya karkata mashin ɗin. "Hau. Ki riƙe ni da kyau, kada a ce na karya biyu."

Rana ta fara cizo muka isa. Murtala na kwance a rumfa, ƙafa cikin kara da tsumma, warin man shanu ya tarye ni tun daga ƙofa. Wasu samari na zaune kewaye da shi da waya, suna ganin Nasiru suka kife wayar. Na gaishe da uban, na gaishe da uwar, na faɗi ɗiyar wa nake a garin nan dauri. Tsohon ya san sunan ubana. Na kwance mayafi na ce wa uwar ta sa a ɗora mini takalman nan a saman rumbunta, ɗanta ne zai sauko da su ranar da ya taka.

Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Ke nan ya yarda keta ce?"

Na ce, "Wannan ku da shi ne, kuna da har salla. In kana da ƙarfi, ɗauko tiyo."

Nasiru ya tsuguna gaban Murtala ya tambaye shi inda injin yake da fangalin da ya fi jin ƙishi. Yaron ya ce na can ƙarshe, wajen bishiyar kargo.

Na bi Nasiru da samarin zuwa lambun a hankali da sandata. Bakin lawashi ya fara fari, amma gindin kore ne, na sa yatsa na ji. Nasiru ya tuɓe riga ya ja igiyar inji, ya ja, ya sake ja, injin ya kama. Na shimfiɗa mayafina a kan kunya, inda zan ga kowane layi, na zauna ina jiran ruwa ya kai na ƙarshe.